Taga a Jikin Ƙwai

Ƙarfe bakwai na safe a Samaru.
Janareta ya kwana yana tari,
amma ƙwan da muka ɗauko daga Shika bai huce ba.
Kwana ɗaya da rabi yana cikin akwatin ɗumi.
Na zuƙe ɗan farinsa da sirinji,
na yanke masa taga, faɗin farcen babban yatsa.

Ga shi nan kwance a kan gwaiduwa,
da kaɗan ya kai ƙwayar shinkafa.
Sai da na tsiyaya tawada a ƙarƙashinsa
kafin madubi ya yarda ya nuna min shi.

Babana ɗinkin riga yake yi a Ƙofar Kuyambana,
shi ya sa ban sha wuyar ganewa ba:
shimfiɗaɗɗen ƙyalle ne ya loma ta tsakiya,
gefe biyu suka tashi, suka sunkuyo wa juna,
suka haɗe baki kamar ana bin su da allura.
Wannan bututun shi ne ƙwaƙwalwa, shi ne laka.
Ni ba shi na zo gani ba.
'Yan bakin kalmasa na zo gani,
ƙwayoyin da suka hau tozon ɗinkin suka zauna,
fata ba ta ce nata ba ne, laka ma ba ta ce ba.

Jiya kafaɗa da kafaɗa suke, kamar tubalan ganuwa.
Yau danƙon ya saki.
Kowace ta tsuke ƙugu, ta miƙa 'yan yatsu,
ta ɓula tabarmar da take kai, ta fice.
Ba madugu, ba guzuri.
In biyu suka yi karo sai kowace ta juya baya,
amma ba ta nisa, ƙanshin 'yar'uwa na janyo ta.
Ture ni in bi ki, haka ayarin ke cin ƙasa.
Akwai unguwannin da ba a shiga,
nan sai su ratse,
yadda Kubanni ke yi in ta tarar da dutse.

Na gaba su gangara su gina fuska:
a kaza baki, a ɗan Adam muƙamuƙi da naman haƙori.
Wasu su sauka a kan ƙoda,
su zama abin da ke kaɗa ƙirji
in ɗan acaɓa ya yanko maka a Kwangila.
Wasu su kama hanji tun daga maƙogwaro
har inda ya ƙare, doguwar hanya ke nan.
Na ƙarshen tashi su bi ta ƙarƙashin fata
ɗauke da baƙi, kamar masu tallan shuni,
gida-gida.

Tanimu, ɗan ƙanwata Ladidi,
da farin gashi ya zo a goshi,
da tabo fari sol a saman cibiya.
Ranar suna mata suka yi ta ƙus-ƙus,
wai ta tsallake wani abu da ciki.
Wata uku ba ta kwance masa hula ba.

Na je na same ta a tsakar gida tana wanki.
Na ce, Ladidi, ba ki tsallake komai ba.
Daga gadon baya masu shuni suka taso,
goshi da cibiya su ne ƙarshen gari.
Tafiya ce ta yi nisa,
aka rufe kasuwa ba su iso ba.
Ta daɗe tana matse zane.
Ta ce, to sauran jikin fa, duk da ƙafa suka zo?
Na ce duk da ƙafa.

Yanzu na liƙe tagar da salatif,
na rubuta sha huɗu a kan ɓawo da fensir,
na mayar da shi cikin duhu.
Ba sa buƙatar idona.
Kafin azahar za su wuce inda na bar su,
in dai man janareta ya kai.