Ƙafar Gaba

Tun bara Fijon Baba take gaisuwa da goshi.
Ka taɓa birki kaɗan, sai ta durƙusa
kamar ta hango surukinta.
In ta faɗa rami a Mabera,
ƙwas daga hagu, ƙwas daga dama,
mai na bin shokazoba
kamar idon mai yankan albasa.

Bakanike ya faɗi kuɗin aiki, na yi masa sai an jima.
Na sayo guda biyu, 'yan Kwatano, wajen Okwudili,
ya rantse mini da Hausar da ta fi tawa gishiri.

Asabar, da saukowa daga asuba,
tun rana ba ta mai da sifana garwashi ba,
na tura ta gindin dogon yaro.
Baba na kan kujerar roba, yana ta rufe masa ido,
amma kunnensa na nan, wasasshe.
"Jak ba shi da amana," in ji shi,
"sa mata turmi."
Na sa mata turmin da Inna ta daina daka a ciki.

Taya ta fita. Na rataye birki da waya.
Kulu, 'yar shekara tara, ta riƙe gwangwanin tumatir,
kowane noti ya faɗa ciki sai ta ƙidaya da ƙarfi.

Na ƙasa ne ya ƙi.
Shekara talatin shi da tsatsa suna zaman amana,
ni wa zan raba su?
Na ba shi kananzir, ya sha, ya yi shiru.
Na zura bututu a ƙotar sifana, na hau da dukan nauyina,
ya yi kuka irin na ƙyauren zaure,
ya tafi da fatar yatsana biyu.
Uku na sama, ƙarƙashin bonet, ba su yi gardama ba.
Ƙafar ta sauko hannuna
da nauyin cinyar bajimi.

Sifirin kuwa ba a yi masa gaggawa.
Da matsen da na aro wurin Modi
nake ɗaure shi, juyi nan, juyi can,
na ce Kulu ta koma bayan randa.
Abin da aka danne shekara da shekaru
ba a kwance masa noti ana kallonsa ido da ido.

Na danna tsohuwar da tafin hannu:
ta shige, ba ta dawo ba.
Na danna sabuwa, ta turo ni.
Baba ya ce in miƙo masa tsohuwar.
Ya shafa ta tun daga wuya har gindi.
"Wagga ta kai albasa Illela
tun ba a haihe ka ba."

Ɓangaren dama ya zo da sauƙi,
hannu ya riga ya haddace karatun.
Kulu ta juye gwangwani: babu saura.

Bayan la'asar muka fita gwaji, Baba a gaba.
Mota na tafiya kamar kwalekwale a gulbin Rima,
ni ina jiran yabo.
Muka yi nisa bai ce uffan ba.
Can ya dafa gwiwata:
"Ina munka kawo?"

Ashe da ƙwas ɗin nan yake karanta gari.
Kowane rami suna gare shi a wurinsa,
ni kuma na shafe masa allon
da sifana mai lamba sha tara.

Na rage gudu.
Na nemi ramin nan na gaban mai shayi,
na sa masa tayar hagu da gangan.
Motar ta haɗiye shi, sai ɗan gyatsa.
Baba ya karkata kai, ya daɗe yana saurare.

"Runjin Sambo," ya ce.
"Amma ta koyi ƙus-ƙus."