Ɗakin da ke rataye

Ƙusa huɗu ke riƙe da shi a kan mota.
Uku sun kwance da kile goma sha uku,
ta huɗun ta sha ruwan Tabalak ta yi tsatsa,
sai da na ba ta baƙin mai, na ba ta haƙuri,
na ɗan ƙara mata da zagi.

Shekara tara tantin nan yana bisa katkat ɗina,
daga Tawa zuwa Abalak, daga can Cintabaradan,
ina jan likitocin dabbobi da akwatin ƙanƙararsu.
Su kwana gidan mai gari,
ni in taka tsani, taki bakwai,
in miƙe ƙafa inda kunama ba ta kawo gaisuwa.
Ta ƙaramar taga nake jin raƙuma na tuƙa,
ina jin tukunyar shayin Agali tana ƙorafi kan gawayi.

Bana takarda ta zo, layi uku da hatimi:
aiki ya tsaya.
Mota za ta koma ɗaukar albasar Tamaske,
albasa kuwa ba ta son maƙwabci a kanta.

Kilo sittin da 'yan kai.
Da can ni da yaron mota mukan sauke shi muna hira,
yau bayana ya ce in nemi wani.
Nomau mai walda ya gitta ƙarfe a rufin garaji,
ya ce in sayo puli a kasuwa, na Sin, mai sheƙi.
Na shiga ɗakin tarkace na fito da ta mahaifina,
ta itacen aduwa, wadda Buzaye ke kira takarkart.
Igiya ta ci cikinta har yatsana biyu na shigewa.
Gaba arba'in take jawo wasaki daga duhu,
me tanti zai gaya mata?

Ɗamara biyu muka zura ta ƙarƙashi.
Tsahara, 'yar autata, ta kama wutsiyar igiya,
ta ciji leɓe kamar ita ke ɗauke da duniya.
Na ja.
Sai itacen ya yi kukan nan,
kukan da na sani tun ban kai bakin rijiya tsawo ba,
na tsaya da igiya a hannu
har yarinya ta ce, Baba, ka gaji ne?

Ya tashi taƙi ɗaya, ya karkata hagu, ya daidaita.
Jan rairayin Tasara ya zubo mana a ka,
da ƙarangiya uku,
da murfin kwalbar allura, shuɗi,
wanda ta tsince ta ɗaure a bakin zane.

Na ja motar baya a hankali.
Ta fito tsakar gida da kai a sake
kamar mace ta sauke tulu,
har na ji haushin saurin da ta yi ta manta.

Uwargida ta ce wani daga Yamai ya taya jika ɗari da hamsin,
ga kuɗin makaranta, ga gero ya hau.
Gaskiyarta.
Na ce bari damina ta wuce.
Ta ce wace daga ciki?

Na ɗaure igiyar a ƙugiyar bango
da ƙullin tsohona, mai kwancewa da fizga ɗaya.
Shi abin da ya jawo sama, shanu sun sha sun tafi.
Nawa yana nan tsakanin rufi da ƙasa,
ba a tafiya da shi, ba a kwana cikinsa.

Bayan isha nakan leƙa da fitilar waya
in duba ko ɓera ya koyi hawan igiya.
Jiya na tarar da tsaka ta tare a gefen zif,
ta dube ni ba ta motsa ba.
Na taɓa ƙullin, yana nan daram.
Na kashe fitila.
Asuba akwai buhu ashirin a Tamaske.