Tasbahar Inna Cima

A Geben Zogi, kafin ladan ya gyara murya,
fitilar Inna Cima ta riga shi tashi.
Kawu Nomau kuwa, sai an buga ƙofa sau uku;
shi da masallaci sukan gaisa ran Juma'a.

Na ce: Inna, don me ku mata
kuka fi maza riƙon tasbaha?

Ba ta bar tsintar wake ba. Ta ce:
"Mijina ya bar Tawa da buhu guda,
ya ce Abijan, ya ce da damina zai komo.
Damina tara na ƙirga.
Namiji yana da tasha, yana da hanya,
yana da fada da shayi mai kumfa.
Ni wa gare ni in dare ya raba,
jikin yaro kamar garwashi?

Sau bakwai na durƙusa.
Mai naƙuda kabarinta a buɗe yake;
na leƙa, na ga abin da na gani.
Biyar suka tsaya.
Biyu suna wurinsa.
Wanda ya ba da ajiya, ɗana,
ba ya nisa da ƙofar Mai ajiya."

Ta ture tsakuwa gefe,
ta dubi inuwar bango,
ta ce in miƙo mata buta.