Girgiza Iri Biyu

Shekara goma sha tara ina kan injin niƙa
a bayan kasuwar Sabon Gari,
jikina na karkarwa tun hantsi har magariba,
ba wanda ya taɓa kiran wannan magani.

Sai ga Ramlatu, 'yata, ta taso daga aiki a Shika:
"Baba, na biya maka rabin awa.
Kujera ce mai amo, tana warware gajiya."
Na ce, "Kuɗi ne suka yi miki yawa?
Ni za ki saya wa girgiza?"

Muka ratsa Kwangila, ga oda ga hayaƙi,
har wani ɗaki mai shuɗin labule a Samaru.
Yaron wurin, Gambo, ya ce in cire takalmi,
in rufe ido.
Na rufe ɗaya.

Ba kiɗa ba ne. Wani gurnani ne can ƙasa,
kamar hadari na shawara a bayan Kufena.
Ya shigo ta tsatso, ya hau gadon baya
ƙashi bayan ƙashi, yana sallama.
Kafaɗun da na ɗage tun ranar da mai ya ƙara kuɗi
suka sauko da kansu.

Sai na gane muryar.
Ina goye, kunnena manne da bayan Inna,
tana tankaɗe, tana waƙa baki a rufe,
waƙar na ratso haƙarƙarinta ta same ni.

Gambo ya taɓa ni: lokaci ya cika.
Garin da ke gashin idona ya jiƙe, ya zama ƙullu.

Ramlatu ta ce, "Yaya?"
Na ce, "Ba laifi. Tashi, akwai masarar mutane."
A cikin keke na riƙe hannunta har kasuwa.