Jarka Bakwai da Sarewa Ɗaya

Ƙarfe takwas saura,
mai gadi zai bugi tsohon ƙarfen taya
da ke rataye jikin dogon yaro.
Shi kaɗai ne kayan kiɗan da lekol ta mallaka,
shi ma ba a hannuna yake ba.

Ajina rumfar zana ce a Garin Malam,
yara tamanin da uku,
in ba ranar Alhamis ba,
ran da Kasuwar Dole ke aron rabinsu
ta maido min su Juma'a da warin albasa.

Dirakta ya ce, "Mushe Nomau, minti talatin ne naka,
kuma a yi a hankali, 'yan aji shida na lissafi."
Yaya ake koyar da murya a hankali?
Na ce to. Ɗan kwantiragi bai da wata kalma.

Famfon unguwa ya yi kwana tara yana azumi.
Yara na zuwa da jarka, ko Allah zai sa a dace a hanya.
Ni kuwa na duba, na ga ganguna.
Mai lita ashirin, muryar namiji gare ta,
'yar ƙaramar ta man gyaɗa, bakin tsiwa.
Ashe jarka sai ta rasa ruwa take samun abin faɗi.

Sarewar kuwa ta kara ce,
kawuna ya fafe min ita a Mirya
shekarar da na fara zubar da haƙori.

Uban Cima ya zo har bakin rumfa:
"Boko na kawo ta, ba roƙo ba.
Kaf zuriyarmu babu mai rataya ganga."
Na ba shi kujerata, ita ɗaya ce.
Cima, mai i'ina,
wadda sunanta ma sai ta hau shi sau uku kafin ta tsallake,
ta buɗe baki ta ja baiti huɗu
sumul, ko tuntuɓe babu.
Bai ce komai ba.
Ya daɗe yana gyara zaman hularsa.
Da zai tafi ya manta goro biyu a kan teburina,
irin mantuwar da ake yi da gangan.

Albashi ɗan uwan famfo ne:
tsakar dare yake zuwa, in ya ga dama,
kafin ka kai bokiti ya ɗauke.
Mai shago ya san ni, littafinsa ya fi shi sanina.
Maƙogwarona ya sha alli har ya dushe,
kanwa da citta ke lallashinsa da dare.

Shekara goma sha tara ke nan.

Jiya na tsai da kabu-kabu a Birni,
gindin manyan duwatsun nan.
Muna tafe sai na ji yatsunsa a kan tanki:
biyu, ɗaya, tsaya, biyu.
Na san wannan bugun.
Ni na ƙirƙire shi wata Talata da yunwa,
don kawai yara su bar kallon ƙofa.

"Kiyari?"
Saura kaɗan mu faɗa kwata.

Ya ƙi karɓar dala ko ɗaya.
Ya ce da shi yake lallaɓa 'yarsa ta yi barci,
matarsa na zaton kiɗan mutanen da ne.

Na sauka, na daɗe tsaye da kuɗina a tafin hannu.
Ban gaya masa ba,
har yau yana gaggawa a bugu na uku,
kamar dai lokacin da yake zama a baya,
kusa da ɓular zana,
inda rana ke shigowa.