Ƙyauren Girmachew

Ni ke rubuta abin da aka faɗa
a kotun majistare ta Umlazi, ɗaki na huɗu.
Shekara sha tara ina kan kujerar nan.
Na ga an kawo akuya shaida,
na ga takalmi wari ɗaya,
amma ƙyaure, sai ran Talatar nan.

'Yan sanda biyu suka shigo da shi a karkace,
suna juya shi kamar makara a lungu.
Na kwano ne, gefensa ya sha wuta,
yana ƙaurin roba da ƙonannen sukari.

Wanda ake tuhuma: Girmachew, mutumin Habasha, mai kanti.
Laifi: satar ƙyaure.
An kama shi da asuba a hanyar Isipingo,
ƙyaure a ka, ƙafa ba takalmi.

Alƙaliya ta ce, Na wane ne?
Ta bakin tafinta ya ce, Nawa ne.
Ina rasit? Ya ƙone.
Ina takardar kanti? Ta ƙone.
Ina izinin zama?
Ya buɗe tafin hannunsa, ya hura.
Tafinta bai fassara wannan ba.

Mai gabatar da ƙara ya ce doka ba ta san toka ba.
Bai yi ƙarya ba. Na sha duba littafin,
babu sashen da ya tanadi mutumin
da wuta ta cinye wa suna.

To, me ya sa ƙyaure, duk faɗin duniya?
Ya ce a juya shi.
Aka juya.

Alli ne, sahu-sahu, daga sama har ƙasa.
Bhekizizwe: burodi biyu, kananzir.
MaNgcobo: garin masara, sai ƙarshen wata.
Sphelele: madarar jariri, gwangwani uku,
an soke ɗaya, an sa kyauta, yaron ba lafiya.
Suna arba'in da ɗaya.
Aka ce in karanta, na karanta arba'in.

Can baya, wajen 'yan kallo, tari ya yawaita.
Wani ya tuna yana da uzuri.
Wani ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.

Alƙaliya ta ce, Su ne suka zo da wutar?
Ya daɗe yana kallon allin.
Ya ce, Dare ne, ban ga fuska ba.
Muryoyi na ji, kuma ba wadda ba ta taɓa ce mini
ina kwana ba.
Ba ƙara na kawo ba, ranki ya daɗe.
Ƙanena Abush ya rubuta rabin sama.
Shi ke kwana a ciki.
Abin da ya rage na hannunsa ke nan.

Sai wata tsohuwa ta miƙe ba a kira ta ba,
bargo a kafaɗa,
ta zaro rand tamanin da biyar daga ƙirjinta,
ta dire a teburina.
Ta ce, Nasa ne. Layi na tara, ni ce.
Ɗana kuma...
Ta yi shiru. Ban rubuta shirun ba,
ba a koya mana alamarsa ba.

Sha ɗaya da minti ashirin aka wanke shi daga sata.
Sha ɗaya da rabi jami'an shige da fice
suka karɓe shi a gindin matakala.
Dama ta sake, hagu ta damƙe.
Fayil ɗin gobarar yana nan, siriri,
ko ƙuda ba zai kashe ba.

Ƙyauren na ɗakin ajiya, da lamba a rataye,
tsakanin wani keke da adda.
Damshin teku na lasar allin a hankali,
Bhekizizwe ya kusa biyan bashinsa ta haka.

Ina leƙawa in an tashi aiki.
Layi na talatin da biyu bai goge ba tukuna:
Mthunzi, sabulu da ganyen shayi.
Rand sha bakwai.
Suna nan a aljihuna.
Ban san ƙasar da zan aika ba.