Taƙi Biyu Sama da Likankabur

A kan tsaunin nan na Atakama,
inda iska ba ta da kauri, leɓe ke tsagewa,
ni Delfina Challapa nake kwana da lambobi.
Ƙasa ja, kwari fari fat da gishiri,
ruwan sama baƙo ne da ba a sa masa ranar zuwa.

Ubana makiyayin lama ne, 'yan raƙuman tsauni marasa tozo.
Bai san baƙi ba, amma ya san dare.
Shi ba taurari yake karantawa ba,
duhun da ke tsakaninsu yake dubawa:
ga uwar lama can, in ji shi, ga ɗanta yana tsotso,
in ta sunkuya shan ruwa a fito da iri.

Ni aka kai makaranta. Na dawo da alƙalami.

Daren Talata, uku saura kwata,
wani ɗigo ya fito a hoton madubin hangen nesa,
dishi-dishi, kamar garin masara a baƙin zane.
Na kira Anselmo mai kula da na'ura,
ya ajiye kofinsa, ya ce ƙila ƙura ce.
Na ce ƙura ba ta da alƙibla. Wannan tafiya yake.

Gani ɗaya ba ya nuna hanya.
Biyu zare ne kawai aka miƙe.
Sai uku, kamar duwatsun murhu,
kafin tukunyar lissafi ta zauna.
Na biyu ya samu ran Alhamis.
Na uku sai da gajimare ya yi mana zaman dirshan kwana tara,
a ƙasar da ake shekara ba a ga hadari ba.
Anselmo ya ce ashe sama ma ta iya rowa.

Sannan baƙon ya shige bayan hasken rana.
Wata biyar ba labari.
Na rubuta dare, na rubuta wuri, na sa hannu.

Daren ya zo. Na juya madubi inda takarda ta ce.
Wayam.
Sai tsofaffin taurari suna ƙyafta mini ido.

Na koma kan lambobi tun daga fari, layi bayan layi,
yadda uwata ke tsince tsakuwa daga kinuwa.
Tarawa daidai, rabawa daidai.
Mushtari na manta.
Ƙaton nan da ba ya magana,
amma duk wanda ya gifta ƙofarsa sai ya ja masa riga.
Ya kautar da baƙona da faɗin silin gashi,
silin gashi a can kuwa ya fi ƙasarmu tsawo.

Na ɗora nauyinsa a ma'auni,
na matsa madubi kaɗan hagu.
Ga shi nan, har da wutsiya.
Anselmo ya cire hula, bai ce komai ba.

Yanzu na san hanyarsa, doguwa, siffar ƙwai.
Ya rusuna wa rana, ya juya,
zai wuce Zuhal, ya shiga sanyin da ba shi da suna,
yana rage sauri kamar tsoho a hawan dutse,
har igiyar da ba a gani ta ce masa ya isa, dawo.
Shekara saba'in da ɗaya, da wata huɗu.

Shekaruna hamsin da takwas.
Wannan lissafin bai buƙaci na'ura ba.

Shi ya sa na rubuta wa jikata Nayra,
wadda haƙora biyu kacal ta mallaka a duniya:
ranar da na ja wa layi, kafin asuba, ki sa bargo ki fita,
ki fuskanci gabas, ki miƙa hannu,
taƙi biyu sama da kan Likankabur.
In kin gan shi, ki ce Delfina na gaisuwa.
In ba ki gan shi ba, kada ki ce ƙarya na yi.
Ki zauna, ki duba wa na manta,
ki matsa kaɗan hagu.